Amsa ga ƙanena mai son zuwa tsinkar inabi a Italiya

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce wani ejan ya yi maka alkawarin aikin tsinkar inabi a nan arewacin Italiya, da biza da masauki, in ka biya shi kuɗi masu kauri, kuma ya ce in ka yi ƙoƙari daga baya za a saka ka a kicin ɗin wani babban gidan abinci. Kana tambaya ko gaskiya ne, ko kuma halal ne. Ina zaune a jihar Piemonte, kusa da garin Alba, tsakiyar gonakin da yake magana a kai, don haka ka saurare ni da kyau: kada ka ba shi ko kwabo.

Inabin tuddan nan na Langhe ba na ci ba ne, na giya ne. Wanda ake ji da shi sunansa Nebbiolo, da shi ake yin Barolo da Barbaresco, barasar da attajiran duniya ke rububi. Tun 2014 UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya, kuma wallahi wurin yana da kyau. Amma kai ba yawon buɗe ido za ka zo ba. Girbi yana farawa ne wajen ƙarshen Agusta da farin inabin Moscato, ya ƙare a Oktoba da Nebbiolo. Wata biyu kenan, a kan gangare, almakashi a hannu, kana jan akwati cikin rana. Bayan nan sanyi ya shigo, aiki ya ja baya, haya kuwa ba ta jira.

Yawancin masu gonakin ba su ɗaukar lebura da kansu. Wasu 'yan kwangila suke ba aikin, su kuma su kwaso baƙi da asuba, su yanke kuɗin mota da na ɗaki daga ɗan abin da aka biya. Italiyawa na kiran wannan caporalato, an tsananta hukuncinsa da doka a 2016, amma bai mutu ba. A 2024 'yan sanda sun kama wasu irin waɗannan 'yan kwangila a nan yankin Alba. Na ga 'yan Afirka ta Yamma suna kwana a bakin kogin Tanaro lokacin girbi, abin ya tsaya mini a rai. A shekarar dai wani ɗan Indiya, Satnam Singh, inji ya cire masa hannu a wata gona kusa da Latina, aka yar da shi a ƙofar gidansa maimakon asibiti, ya rasu. Faransa ma ba ta tsira ba: a girbin 2023 a yankin Champagne mutane sun mutu cikin tsananin zafi, aka kuma gano 'yan ci-rani daga Mali da Senegal da Mauritaniya cunkushe a wani kangon gida, har kotu ta yanke wa masu hannu hukunci a 2025.

Sannan kasuwar kanta tana raguwa. Hukumar inabi ta duniya, OIV, ta ce a 2024 an sha giyar inabi kimanin lita biliyan 21.4 a duniya, mafi ƙaranci tun 1961. Matasan Turai sun rage sha. A yankin Bordeaux na Faransa gwamnati kuɗi take ba manoma su tumɓuke itatuwan inabinsu. In riba ta ragu, a jikin lebura ake fara ragewa.

Game da halacci, ni ba malami ba ne, amma hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya sananne ne, har da mai matsa ta da mai ɗaukar ta. Malamai da dama sun hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai yi da shi. A nan kuwa babu wani shakku kan inda inabin zai tafi. Ka je wurin malaminka da wannan bayani yadda yake, ba yadda ejan ya kwatanta ba. Kicin ɗin ma haka ne. A Alba akwai gidan abinci Piazza Duomo mai taurarin Michelin uku, wato lambar yabo ta manyan gidajen abinci, kuma dangin Ceretto masu kamfanin giya ne suka kafa shi. A irin waɗannan gidaje ana dafa nama cikin Barolo, ana zuba farar giya a shinkafar risotto, mai dafawa kuma dole ya ɗanɗana. Baƙon da bai iya Italiyanci ba wanke-wanke zai fara, in ma ya samu.

Ban ce ka haƙura da tafiya ba. Akwai hanya ta doka, ana kiranta Decreto Flussi, kuma Najeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da ake karɓa. Mai aikin ne yake nema maka izini a nan Italiya, a ba shi takardar nulla osta da sunanka, sannan ka nemi biza ta ofishin jakadanci. Izinin aikin gona na lokaci bai wuce wata tara ba. Ba a sayar da wannan takarda. Masu sayarwa sukan haɗa baki da kamfanonin bogi, mutum ya sauka ya tarar babu gona babu mai gida, ya koma marar takarda. Firaministar Italiya Meloni da kanta ta kai ƙorafin wannan zamba gaban mai gabatar da ƙara a 2024.

Kuma noma a Italiya ba giya kaɗai ba ne. Puglia da Sicilia suna noman inabin ci mai yawa, Saluzzo da Trentino tuffa, ga zaitun, ga madara. Can ma akwai masu zalunci, sai da kwantiragi a rubuce, amma aƙalla zuciyarka za ta natsu da abin da kake ci.

Ka ce wa ejan ɗin ya ba ka sunan gonar, da lambar harajinta da ake kira partita IVA, da kwafin nulla osta mai sunanka. Turo mini, zan bincika, in gonar tana kusa in je da ƙafata. Kafin nan ka fara koyon Italiyanci, kuma ka gaida mini su Inna.