Ku Tambaya Mu Amsa: Mahaɗi da Littafin Jagora a Manhajar Emacs

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, da Org (tsarin shirya bayanai) a cikin Emacs (manhajar rubutu a kwamfuta) nake rubuta darussana. Nakan haɗa fayil da fayil da mahaɗi, amma da zarar na sauya kan magana ko na kwashe folda zuwa filashi, sai mahaɗin ya daina buɗewa. Ina gyaran yake? Daga Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Mahaɗi a Org adireshi ne kawai da aka rubuta, kamar haka: [[file:darasi.org::*Gabatarwa][farkon darasi]]. Kashin farko shi ne inda za a je, na biyu kuma shi ne abin da ido ke gani. Tauraron nan na cewa a nemo kan magana mai suna Gabatarwa. Ranar da ka mayar da shi Shimfiɗa, mahaɗin zai ci gaba da neman tsohon sunan, kamar baƙon da aka yi wa kwatance da bishiyar da aka riga aka sare.

Da farko ka daina rubuta adireshi da hannu. Buɗe ~/.emacs.d/init.el, wato fayil ɗin saitin Emacs, ka sa waɗannan layuka:

(global-set-key (kbd "C-c l") #'org-store-link)
(require 'org-id)
(setq org-id-link-to-org-use-id t)

C na nufin Ctrl, M kuma Alt, don haka C-c l na nufin ka danna Ctrl da c tare, sannan ka danna l. Layin farko wajibi ne, domin Org ba ya zuwa da C-c l a ɗaure, kuma a nan sababbin shiga da yawa ke tsayawa. Sauran biyun su ne maganin ciwonka. Duk lokacin da ka tsaya a kan wani kan magana ka danna C-c l, Org zai ba shi lambar shaida tasa shi kaɗai, ya ajiye ta a ƙarƙashinsa. Sai ka koma inda kake son mahaɗin ka danna C-c C-l. Daga nan ko ka sauya sunan sau goma, lambar ake bi. C-c C-o ke buɗe mahaɗi, C-c & ya dawo da kai.

Maganar filashi kuwa, a tsarin da Org ke zuwa da shi, fayil ɗin da ke folda ɗaya da naka ko a ƙarƙashinta gajeren adireshi ake rubuta masa, wanda ke waje kuma cikakke, har da sunan foldodin kwamfutarka. Wannan cikakken ne ke mutuwa a wata kwamfutar. Tara komai a folda guda, ka riƙa kwashe ta ɗungurungum. Don ganin waɗanda suka lalace, M-x org-toggle-link-display zai fito da adireshin kowanne a fili, C-c C-l kuma a kan tsohon mahaɗi gyara shi yake yi.

Tambaya: Malam, ina koyar da kwamfuta, kuma kuɗin data na hana yarana bincike. Akwai jagorar Emacs da ba ta buƙatar intanet? Daga Yelwa, Bauchi.

Amsa: Akwai, Malama, kuma a ganina ita ce abin da aka fi yi wa sakaci a Emacs. Ana ce mata Info. C-h r ke buɗe littafin Emacs, C-h i kuma jerin duk littattafan da ke kwamfutar. A ciki, n gaba, p baya, u babin da ke sama, l inda aka baro, q fita. Tab na tsallakawa daga mahaɗi zuwa mahaɗi, Enter ya shiga. Wanda za ki fi nanata wa yaran shi ne i: su rubuta abin da suke nema, ya kai su wurin da aka yi bayaninsa sosai. Idan bai yi ba, su danna waƙafi ya kai su na gaba.

Idan C-h r ya ce bai sami littafin ba, galibi a Debian ko Ubuntu ne (nau'o'in Linux), saboda sun ware shi daban kan batun lasisi. Sauke ƙunshin emacs-common-non-dfsg, wanda littafin ke ciki, sau ɗaya ya wadatar. C-c l ɗin da muka ambata a sama ma yana aiki a cikin Info, don haka za ki iya shirya wa aji fayil guda mai mahaɗai irin info:emacs#Keys, kowane darasi da shafin da za a karanta.