Tambaya da Amsa: An Ɗora Sabon Windows, Manhajoji Sun Ƙi Tashi

Tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka koma kusan kuka ɗaya: an ɗora Windows 11, wani abu ya tsaya. Na wannan fitowa daga jihar Kebbi muka tsamo su. Sunayen maɓallai mun bar su yadda suke fitowa a fuskar kwamfuta, don mai nema ya gane su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da katin biki. Wani yaro ya goge min kwamfuta ya ɗora Windows 11, sannan ya kwafo min foldar manhajojina daga tsohon faifai. Yanzu ta zane in na danna ta sai ta ce babu "MSVCR100.dll", ta lissafin kuɗi kuma tana neman ".NET Framework 3.5". Yaron ya ce in sauko da fayil ɗin daga intanet in jefa cikin folda. In yi?
— Mai shago, Birnin Kebbi

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi. Shafukan da ke raba fayilolin DLL ɗai-ɗai ba ka san me suka cusa a ciki ba, kuma ko da fayil ɗin lafiyayye ne, in ka ɗauko na 64-bit (sabon tsarin ginin manhaja) ka bai wa manhajar 32-bit (tsohon tsarin), sai kuskuren ya rikiɗe ya koma "0xc000007b", wanda ya fi na farko wuyar ganewa.

Abin da ya faru shi ne, manhaja ba ta tsayawa da ƙafarta ita kaɗai. Tana jingina da wasu fayiloli na tarayya da Microsoft ke rabawa a ƙunshi mai suna Visual C++ Redistributable, kuma gogewar da aka yi ta tafi da su. Lambar da ke jikin sunan ita ce ke gaya maka ƙunshin da za ka nema: MSVCR100 na 2010 ne, MSVCR110 na 2012, MSVCR120 na 2013, VCRUNTIME140 da MSVCP140 kuma na ƙunshin 2015 zuwa 2022. Ka sauko da na 2010 daga shafin Microsoft kansa. Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne zaɓi tsakanin x86 da x64. Mutum ya ga Windows ɗinsa 64-bit ne sai ya ɗauki x64 kawai, alhali manhajar ce ake duba wa, ba Windows ba, kuma galibin tsofaffin manhajoji 32-bit ne, x86 suke so. Ka ɗora duka biyun, ba sa faɗa da juna.

Shi kuwa .NET 3.5, wani ɓangaren Windows da wasu manhajoji ke jingina da shi, a kashe yake zuwa. Rubuta "Turn Windows features on or off" a wurin bincike, ka sa masa alama, ka bar shi ya sauko. Yana buƙatar intanet mai ɗan ƙarfi. In ya tsaya da lambar 0x800F081F, ka sa filashin da aka ɗora Windows ɗin da shi, ka buɗe "Command Prompt" ta hanyar "Run as administrator", ka rubuta:

DISM /Online /Enable-Feature /FeatureName:NetFx3 /All /LimitAccess /Source:E:\sources\sxs

Harafin E ka musanya shi da na filashinka. Dole filashin ya zama na zubin Windows ɗin da ke kan kwamfutar, in ba haka ba zai ƙi.

Sai dai akwai wata a ƙasa. Kwafo folda ba girka manhaja ba ne. Lokacin girki manhaja kan rubuta bayananta da na lasisinta a rajistar Windows, kuma waɗannan ba sa bin folda. Don haka ko ka gyara waɗannan biyun, tana iya buɗewa ta nemi lambar lasisi, ko ta buɗe ta rufe. Ka nemo ainihin fayil ɗin girki ka sake ɗora ta. In shi ma ya ƙi, danna shi da ɓarin dama na linzami, ka shiga "Properties", sai "Compatibility", ka zaɓi Windows 7, ka kuma sa alama a "Run this program as an administrator". In kuma manhajar irin ta kasuwa ce da aka fasa wa makulli, to Windows Security kan kama fayil ɗin fashin ya killace shi, ita kuma ta mutu. Wannan ba za mu ce ka kashe tsaron kwamfutar da kuɗin shagonka ke ciki saboda ita ba.

TAMBAYA: Firintata ta shekara goma tana aiki lafiya. Daga ɗaga Windows sai takardu su yi layi, ba abin da ke fitowa. Ta lalace ne?
— Wata mai shagon kwafe, Yauri

AMSA: Hajiya, da wuya in firintar ce. Direba ne, wato 'yar manhajar da ke fassara tsakanin kwamfuta da na'ura. Windows 11 64-bit ne zalla. Yana iya tafiyar da manhajar 32-bit, amma direban 32-bit ba ya karɓa ko kaɗan, kuma faifan CD da ya zo da tsohuwar firinta sau da yawa tsohon direba ne a kai.

Ki fara da share layin. Danna maɓallin Windows da R, rubuta services.msc, nemo "Print Spooler" ki tsayar da shi. Shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ki goge abin da ke ciki, foldar kanta ki bar ta, sannan ki sake kunna "Print Spooler". Daga nan ki zare wayar USB, ki cire firintar daga "Printers & scanners", ki rubuta printui /s /t2 a wurin Windows da R ɗin nan don ki cire tsohon direban gaba ɗaya. Wannan matakin shi ake yawan tsallakewa, sai Windows ya sake ɗauko mataccen direban da zarar an mayar da waya.

Sabon direba daga shafin kamfanin firintar za ki ɗauko. In babu na Windows 11, na Windows 10 64-bit yakan yi. Kada ki mayar da wayar sai direban ya nema. In fayil ɗin girki ya ƙi buɗewa, ki warware shi, ki bi ta "Add manually", ki zaɓi tashar USB001, ki danna "Have Disk" ki nuna masa fayil mai ƙarewa da .inf. Wani lokaci kuma Windows kan ce ya hana direba tashi saboda "Memory integrity". Kashe shi yakan sa na'urar ta yi aiki, amma katanga ce aka rage wa kwamfutar, ki sa shi ya zama zaɓin ƙarshe.

TAMBAYA: Ni malamin Hausa ne. Duk tsofaffin takardun jarrabawata, inda ƙ da ɗ da ɓ suke, yanzu wasu baƙaƙe daban nake gani.
— Malamin sakandare, Argungu

AMSA: Allah ya gafarta Malam, takardunka ba su lalace ba. An rubuta su ne da tsohon salon rubutu (font) na dabara, irin wanda aka ɗauki gurbin wani baƙi aka zana masa ƙugiya. Kwamfuta ba ta taɓa ganin ƙ a wurin ba, zanen ne kawai ke nuna maka ita. Da salon ya ɓace, sai baƙin asali ya bayyana. Ka duba sunan salon a saman Word, ka nemo shi a C:\Windows.old\Windows\Fonts (Windows.old ita ce foldar da ake ajiye tsohon Windows a ciki bayan ɗagawa) ko a kwamfutar wani abokin aiki, ka danna shi da ɓarin dama ka zaɓi "Install". Nan take takardun za su dawo.

Amma mu dai shawararmu ka rabu da shi, don duk wanda ka tura wa takardar a waya shirme zai gani. Baƙaƙen nan suna da gurbinsu na gaskiya a tsarin Unicode. A cikin Word, rubuta 0199 ka danna Alt da X, ƙ za ta fito. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ 0253, manyansu kuma 0198 da 018A da 0181. Ka bar tazara kafin lambar, domin in ta manne da baƙi irin a ko e, Word zai haɗa su ya ba ka wani abu dabam. Da Ctrl da H za ka musanya tsofaffin da sababbin, ka sa alama a "Match case", kuma ka lura da kalmomin Turanci da ke cikin takardar kada a musanya har da nasu. Don rubutun gaba, ƙara Hausa a "Language & region", ka riƙa sauyawa da maɓallin Windows da na tazara.

TAMBAYA: Manhajar lissafin kayan kantinmu tun zamanin Windows 98 take. Yanzu sai ta ce "This app can't run on your PC".
— Ɗan kasuwa, Zuru

AMSA: Alhaji, alamu sun nuna 16-bit ce, kuma Windows 64-bit ba ya tafiyar da irinta, "Compatibility" ma ba zai taimaka ba. Mafita ita ce VirtualBox, manhaja ta kyauta da ke ba ka damar ɗora Windows 7 32-bit a cikin taga guda. Ka ware masa RAM 2GB, kwamfutar kuma gara ta kai 8GB. Ka rufe masa intanet, don Windows 7 ya daina samun gyaran tsaro tun 14 ga Janairu, 2020. Da zarar ta buɗe, ka fitar da lissafinka zuwa Excel tun da sauran dama.

TAMBAYA: Na gaji. Zan iya komawa Windows 10?
— Ɗalibi, Jega

AMSA: Ɗan'uwa, ya danganta da kwana nawa ke nan, da kuma yadda aka yi ɗorin. In ɗagawa aka yi ba gogewa ba, kana da kwana 10: "Settings", sai "System", sai "Recovery", sai "Go back". Bayan haka Windows zai share foldar Windows.old, ƙofar ta rufe. Haka ma in ka share ta da hannunka don neman fili. Wanda yake cikin kwanakin kuma yana son ƙarin lokacin gwaji, zai iya tsawaita su zuwa 60 da wannan:

DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60

Kafin ka danna "Go back", ka kwashe fayilolinka a filashi, ka tabbata kana tune da tsohuwar kalmar sirrinka, don da ita za ka shiga. Manhajojin da ka ɗora bayan ɗagawar sai ka sake girka su. Kuma kada ka fara da batir rabi kana dogaro da wutar NEPA. In ta ɗauke ana tsakiyar komawa, kwamfutar na iya ƙin tashi ta kowane ɓangare, sai an goge.