Ɗana, sanyin Alberta bai san kai oga ba ne a Ƙofar Ruwa

Saƙon muryarka ya iso, har minti tara. Ka ce shekara takwas kana kwance injin katafila da tifa, ka ji ana neman makanikai a Kanada, don haka ni Baffanka in jawo ka. Kai ne na huɗu a watan nan. Bari in amsa a fili, yaran garejinku ma su karanta, in huta.

Ban raina hannunka ba, na san wanda ya koya maka. Sai dai duk tarbiyyar da muka samu a gida ta hana inji zafi ce: duba lagireto, duba fanka, ɗaure fanbel. A nan Fort McMurray, arewacin Alberta, inda ake haƙo yashi a tace mai daga cikinsa, kusan rabin shekara fama muke kada sanyi ya kashe injin. A watan Janairu awo 30 ƙasa da sifiri ba labari ba ne, wani daren ya taɓa 40.

Gas kansa daskarewa yake. Akwai wani kaki a jikinsa, da sanyi ya tsananta sai ya kama kamar man shanu, ya toshe filta, inji ya yi ta tari har ya mutu. Shi ya sa ake sayar da gas na hunturu daban, mai sauƙi, ɗan'uwan kananzir. Kuma ba a kwana da tanki rabi, domin raɓa na taruwa a ciki ta zama ƙanƙara a bututu. Baƙin man nan 15W-40 da kuke zubawa ido rufe, a nan zuma yake komawa, sai 0W-40. Batir kuwa tun daga awo 18 ƙasa da sifiri ya zubar da kusan rabin ƙarfinsa, wanda ya sauka ma daskarewa yake ya kumbura. Zuwana na farko na ga kowace mota da igiyar wuta tana leƙowa ta hancinta, na ɗauka masu lantarki ne. Ashe hita ce a jikin inji, ana jona ta ta kwana tana ɗumama shi.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa mahaifinka ba. Hunturuna na farko na sayi wata tsohuwar a-kori-kura da guminta. Lagireto na ɗan yoyo, kullum sai in ƙara ruwan famfo, yadda hannu ya saba. Wata safiya na tarar da bulon injin ya tsage, ƙanƙara ta leƙo ta gefe. Ni da na shekara 15 ina koya wa yara inji! Ruwa in ya daskare kumbura yake, ba ruwansa da kaurin ƙarfe. Ruwan maganin daskarewa ake gaurayawa, rabi da rabi yana riƙewa har awo 37, mu nan mukan sa kashi 60 cikin 100.

Dabarar nan ta fesa fetur a bakin iska in inji ya ƙi tashi, ka bar ta a Kano. Yawancin injinan nan da hita a hanyar iskar, fashewa zai yi a fuskarka, in ka tsira kuma a ranar za a sallame ka. Haka lakar da ta maƙale a sarƙar katafila: in ba ka kankare ta da yamma ba, da safe ta zama dutse, ka matsa masa ka karya abin da albashinka na shekara ba zai saya ba. Man haidirolik ma lallashi yake so, a hankali ake motsa hannun injin har ya yi ɗumi, in ba haka ba tiyo ya fashe.

Mu da yatsa muke gane yoyo. Wata rana na cire safar hannu don in kwance filta, gas ya zubo mini. Bai daskare ba, amma sanyinsa na waje ne. Yatsuna biyu suka yi fari fat, har yau in na yi alwala da ruwan sanyi sai sun tuna mini.

Duk wannan bai ci mini rai kamar takarda ba. A Alberta gyaran manyan injina sana'a ce da doka ta ce sai mai shaidar ƙwarewa, ko ɗan koyo mai rajista. Na zo da shekara 15 a hannu, babu ko wasiƙa ɗaya da ta nuna haka. Wa ke rubuta wa yaron gareji wasiƙa a wurinmu? Sai da na shekara biyu ina wanke laka a ƙarƙashin motoci, wani yaro sa'an ɗan farina yana nuna mini inda ake ajiye sifana. Na haɗiye. Na shiga koyo na shekara 4, na zauna aji da furfurata, na ci jarrabawar Red Seal, ta shaidar ƙwarewa a Kanada. Yau ni ake tasowa in Caterpillar 797 ta tsaya, motar da ke ɗaukar fiye da tan 360 a sawu ɗaya. Kuma kafin in ɗauki sifana, kwamfuta nake jona mata.

To ka fara daga nan. Duk kamfanin da ka taɓa yi wa aiki, ka karɓo wasiƙa mai kwanan wata da irin injinan da ka gyara. Ka koyi wayarin da karanta taswirar lantarki. Ka zauna wa Turanci, jarrabawarsa ba ta duba ƙwarewar hannu.

Ejan ɗin da ya ce ka kawo kuɗi ya ba ka takardar aiki kuwa, dokar ƙasar nan ta hana a caji ma'aikaci kuɗin samo masa aiki. Ni ma ba ni da ikon jawo kowa, bakanike ne ni. Ka ɗauki hoton takardar tasa ka turo mini kafin ka ba shi ko sisi, kuma na ji ƙishin-ƙishin ɗin sayar da filin Yaya, kada a kuskura a taɓa shi. Ka gaida mahaifiyarka. Ina aikin dare har ranar Alhamis, kada ka kira kafin nan.