Amsa ga ƙanena na Tahoua kan ajiyar jinin bincike

Ƙanena, na samu saƙonka inda ka ce kana son zuwa Faransa karatun digiri na biyu, kuma kana da niyyar ɗibar jinin masu shan taba a Tahoua ka ajiye har ka samu gurbi. Ka tambaye ni ko ajiya za ta ɓata abin da kake son aunawa.

Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, ba ya daɗewa a jiki, domin cikin awa 2 rabinsa ya tafi, shi ya sa muke auna kotinin, wanda hanta ke samarwa daga nikotin, kuma yake ɗaukar kusan awa 16 kafin ya ragu da rabi. Kotinin yana da juriya ƙwarai. Idan aka ware ruwan jinin da wuri aka daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifili, yana iya yin shekaru ba tare da ya canza sosai ba, ko da yake a ɗakin bincikenmu firizar digiri 80 ƙasa da sifili muka fi amfani da ita.

Damuwata tana kan zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40 kuma wuta ke yawan ɗaukewa. Jinin da aka bari cikin zafi ba a ware ba, jajayen ƙwayoyinsa suna fashewa, kwalbar da murfinta bai rufu sosai ba kuwa ruwanta yana ƙafewa, sai adadin kotinin ya hau fiye da gaskiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda hayaƙin wasu kawai yake shaƙa, tunda tsakanin adadin kotinin ɗinsa da iyakar da ake ɗaukar mutum a matsayin mai sha ƴan nanogiram ne kawai a mililita, wato tazara ƙarama ƙwarai. Saboda haka ka raba jinin kowa cikin ƙananan kwalabe, kada ka riƙa narkarwa kana sake daskarewa, ka kuma rubuta ranar ɗiba da duk lokacin da firiza ta tsaya, domin wannan takardar malamai za su fara nema.

Ka tambayi kowa ko yana tauna taba da kanwa, domin ita ma tana ɗaga kotinin. Kafin ka ɗebi jinin mutum ko ɗaya, ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike a Yamai, kuma ka tuntuɓi CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai, kan wurin ajiya.