Tambaya da Amsa: Daga Damagaram zuwa Kwarurukan Azbin da Mota

Sanyi ya fara shigowa, wasiƙun wannan watan kuwa galibinsu a kan tafiyar arewa suke. Mun zaɓi bakwai, mun amsa tare da direbobi da kanikawan da suka san hanyar.

Tambaya: Mu shida ne abokai, muna da Hilux guda ɗaya mai lafiya. Muna so mu je Timiya, wani gari a cikin tsaunukan Azbin, a watan Disamba mu yi mako guda. Mota ɗaya ta isa? Daga wani matashi a unguwar Birni.

Amsa: Ba ta isa ba, ƙanenmu, ko da jiya ta fito daga kamfani. Daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne, ta gaban matatar man fetur ta SORAZ, ka bi Tanut da Adarbisinat, ka gangara tudun Tigidit. Wannan babbar hanya ce, in ka tsaya wani zai same ka. Daga Agadas zuwa Timiya kuwa kilomita 200 ne da ɗoriya ta Elmeki, babu kwalta, duwatsu ne da kwaruruka da rairayin ƙorama, tafiyar da kan cinye yini. In babban ƙarfe ya karye a can, mota ta biyu ce za ta ja ku, ko ta je ta kawo gyara.

Ga kuma nauyi. Mutum shida sun kusa kilo 420. Ruwa lita 200 kilo 200 ne. Gazuwal lita 100 wajen kilo 85. Ƙara tayoyin safaya biyu da abinci da shimfiɗa da kayan gyara, ka ga kun kai iyakar abin da Hilux ke iya ɗauka, wanda bai wuce tan ɗaya ba. Motar da aka yi wa lodi haka sifirin ɗinta ke fara karyewa a gargada. Ku nemi mota ta biyu ku raba kayan, masu nauyi a ƙasa tsakanin tayoyi, saman mota kuma katifa da tabarma kawai.

Abu biyu ba ma sassautawa a kansu. Na farko, jagora ɗan ƙasar, wanda za ku ɗauka a Agadas. An dasa nakiyoyi a wasu hanyoyin Azbin lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, akwai kuma ƴan fashi, shi ne ya san sawun da ake bi yau da wanda aka bari. Na biyu, ku je wurin jandarma a Agadas ku faɗi inda za ku da ranar dawowa, ku ji ko hanyar na buƙatar rakiyar soja. In sun ce kada a bi, to an gama magana. Kowa ya riƙe katin ɗan ƙasa, direba ya riƙe parmi da takardun mota da asiransi.

Tambaya: Ruwa nawa za mu ɗauka? Abokina ya ce ai akwai rijiyoyi a hanya. Daga wani ɗalibi a Sabon Gari.

Amsa: Akwai su, kuma ruwan Timiya mai kyau ne, shi ke shayar da lambunan lemo da rumman. Sai dai rijiya kan ƙafe, hanya kuma kan ɓace. Da sanyi ku lissafa lita 6 ga kowane mutum a yini, sha da girki da shayi. Da bazara lita 10. Mutum shida a kwana biyar da sanyi lita 180 ke nan. Ku ƙara na kwana biyu, lita 72, wanda ba a taɓawa sai an shiga matsala, sannan lita 20 na mota. Bido goma sha ɗaya masu lita 25 sun ɗauke shi. Kada ku zuba duka a tano ɗaya, don in ta fashe kun rasa komai lokaci guda. Salka a rataye a gefen mota tana ba da ruwan sanyi ba ko sisi.

Ruwan tafkin dutse a tafasa shi kafin a sha. Wanda zawo ko zafi ya galabaitar, a haɗa masa ruwa lita ɗaya da sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, ya riƙa kurɓa.

Tambaya: Wasu sun ce a rage iskar taya, wasu sun ce ragewar ce ke fasa ta. Wa ke da gaskiya? Daga wani direba a Mirriya.

Amsa: Duka biyun, Malam, kuma wannan ce wahalar ƙasar kwaruruka. A hamadar Tenere rairayi ne zalla, ka rage iska ka yi ta tafiya. A Azbin kuwa sai ka yi kilomita biyar cikin rairayin ƙorama, ka hau baƙin dutse mai kaifi, ka sake gangarawa rairayi. Kowanne da iskar da yake so.

A kwalta da lodi, bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, galibi tsakanin kilo 2.3 da 3 a ma'aunin iska. A tsakuwa da dutse sauko wajen 1.8 zuwa 2, tayar ta ɗan yi laushi ta rungumi dutsen maimakon ya huda ta. A rairayi mai laushi 1.2 zuwa 1.5. In mota ta kafe ana iya sauka har 0.8 don a fita kawai, da an fita a mayar. Dalilin ragewar shi ne tafin tayar ya tsawaita a ƙasa, nauyin ya bazu, kamar yadda tafin raƙumi ke yi.

Ɓarnar tana zuwa ne ta hanya uku. Taya mai ƙarancin iska gefenta kan kumburo, gefen kuwa shi ne wurin da ya fi rauni, dutse ɗaya ya isa ya tsaga shi, kuma tsagar gefe ba ta faci. In an yi gudu da ita tana zafi har zaren cikinta ya rabu, don haka ƙasa da kilo 1.5 kada a wuce kilomita 40 a awa. In kuma aka karya kan mota da ƙarfi, tayar na iya zamewa daga kan ƙarfenta iskar ta fita gaba ɗaya. Saboda haka duk wanda zai rage iska dole ya kasance da abin mayar da ita: famfon da ke aiki da batirin mota, da famfon ƙafa ko na hannu a ajiye, da ma'aunin iska. Kada a auna da ido. Lalaci shi ne ke cin taya a wannan hanya, mutum ya fito daga rairayi ya ga dutse a gabansa ya ce bari dai in lallaɓa.

In kun kafe, ɗaga ƙafa daga totur nan take. Kowane juyi na banza rami yake haƙawa har cikin motar ya zauna a ƙasa. A sauka a duba ko an kulle makullan tayoyin gaba in motar mai irin su ce, don sau da yawa katkat ɗin, wato jan tayoyi huɗu, bai shiga ba ne. A rage iska, a share rairayi da shebur a gaban tayoyi huɗun da ƙarƙashin mota, a miƙe sitiyari, a cusa farantan ƙarfe na fita daga rairayi a ƙarƙashin taya. A sa ƙaramar giyar ƙarfi, lamba biyu, a taso a hankali. Sau da yawa komawa baya a kan sawunka ya fi sauƙi. Jak na buƙatar katako mai faɗi a ƙarƙashinsa, in ba haka ba nutsewa zai yi. In za a ja da igiya, a ɗaura a ƙugiyar da ke jikin shasi, a yafa bargo a tsakiyar igiyar, kowa ya matsa nesa. Igiyar da ta tsinke ko ƙarfen da ya ɓalle na iya kashe mutum.

Tambaya: Yaya ake lissafin mai? Daga Tanut.

Amsa: Motar gazuwal da ke shan lita 11 ko 12 a kilomita 100 a kwalta, a rairayi da dutse lissafa mata 18, mai fetur fiye da haka. In zagayenku kilomita 600 ne, lita 108 ke nan, ƙara kashi ɗaya cikin uku ya zama 144. Tankin Hilux wajen lita 80 yake ɗauka, sauran jarkar ƙarfe huɗu masu lita 20. Ku cika a Agadas. Kada a cika jarka har baki, mai na kumbura da zafi, kuma kada fetur ya shiga inda mutane ke zaune. Man da aka saya a tano a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a kuma tafi da matatar mai sabuwa guda biyu.

Tambaya: Mun fi son zuwa a watan Agusta don mu ga ruwan Timiya yana zubowa daga dutse da ƙarfinsa. Akwai laifi? Daga wani ma'aikaci a unguwar Zongo.

Amsa: Akwai babban haɗari, ɗan'uwa, kuma mun fi so ku jira zuwa Nuwamba. Hanyoyin Azbin da yawa cikin ƙorama suke bi, wadda a can ake cewa kori. Dutse ba ya shan ruwa. In hadari ya zuba a kan Bagzan ko wani tsauni mai nisan kilomita 30 ko 40, ruwan duka kwari ɗaya yake taruwa ya gangaro, ku kuwa kuna ƙasa rana na haskawa, ko gajimare babu a kanku. Yana zuwa da itace da duwatsu da laka, wani lokaci ƙararsa kawai za a ji kafin ya iso. A farkon Satumban 2009 ruwan korin Telwa ya shiga cikin garin Agadas kansa ya rushe gidaje masu yawa. In ya yi wa gari haka, ina ga mota biyu a tsakiyar kwari?

Abin da ke jawo mutane shi ne daɗin wurin. Cikin kori rairayi ne mai laushi, ga inuwar itatuwa, ga kariya daga iska, sai a ce nan za a kwana. Daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba kada ku kwana a ciki, kada ku yi doguwar tsayawa. Ku hau gaɓa, ku dubi itatuwan bakin korin: ciyawa da karan da suka maƙale a rassa su ne shaidar inda ruwan bara ya kai. Ku yada zango sama da wannan, motoci na fuskantar hanyar fita.

In kun tarar da kori na gudu, ku zauna ku ɗora shayi. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 na iya kayar da babba, 30 na ɗaga ƙaramar mota, 60 na tafiya da mota mai katkat. Galibi cikin ƴan awoyi yake janyewa. Bayan ya janye ma kada a faɗa, wani ya taka da ƙafa da sanda tukuna, don sama kan bushe alhali ƙasa taɓo ne. In ruwa ya shiga inji ya mutu, kada a sake tayarwa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, tayarwar ce ke lanƙwasa ƙarafan cikin injin.

Tambaya: Motata na zafi in na shiga rairayi, amma a gari lafiya lau. Daga wani ɗan kasuwa a kasuwar Dole.

Amsa: Alhaji, a rairayi inji na aiki da ƙarfi mota kuma na tafiya a hankali, iskar da ke ratsa lagireto ba ta da yawa, balle in iskar daga bayanka take busowa. Da ka ga allura ta hau, kashe na'urar sanyi, juya gaban mota ya fuskanci iska, buɗe bonet, bar injin na aiki a hankali. In ruwa na zuba ko fambel ya tsinke, to kashe shi. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, tururin na ƙona fuska, a jira rabin awa. Kafin tafiya a wanke lagireto ciki da waje, a canja murfinsa in ya tsufa, a sayi fambel da tiyo na ajiya. Tsakanin Tanut da Adarbisinat bayan damina ƙarangiya da ƴaƴan ciyawa na toshe shi, a riƙa kakkaɓewa. Busasshiyar ciyawar da ke maƙalewa kusa da salansa kuma tana kama wuta, a leƙa ƙarƙashin mota a kowace tsayawa, a bi kusoshin taya da na batir da sifana, gargada na kwance su.

Tambaya: Ɗana zai tafi da abokansa, an ce can waya ba ta kamawa. Me zan ce masa ya yi in sun ɓata? Daga wata uwa a Garin Malam.

Amsa: Hajiya, tambayarki ta fi duka muhimmanci. A wajen garuruwa wayar hannu ba abin dogaro ba ce, don haka su yi hayar Thuraya, wato wayar tauraron ɗan'adam, a Agadas, su gwada ta kafin su tashi, su rubuta lambobin jandarma da na gida a takarda. Ya bar miki sunayen zangon da za su yi da ranar kowanne, ku sa lokacin da zai riƙa kira kullum, misali bayan magariba. Ku yi alkawari tun yanzu: in kwana ɗaya ya wuce ba kira, za ki sanar da wanda zai je wurin jandarma a Agadas.

A hanya kowane direba shi ke da alhakin motar da ke bayansa. In ya daina ganin ƙurarta ya tsaya, in ba ta iso ba ya koma a kan sawunsa. Ba a tafiyar dare. In sun rikice su tsaya a inda suke tun da sauran mai, kada su yi ta zagaye. In motocin sun mutu, kowa ya zauna wurinsu, a ɗaura tampol a yi inuwa, a yi aiki da sassafe da yamma kawai, a yi taimama a bar ruwa don sha. Mota ana hango ta daga nesa, mutum ɗaya a ƙafa cikin duwatsu ba a ganinsa. Madubin mota na haska alama da rana, tsohuwar taya in aka sace iskarta aka ƙona tana ba da baƙin hayaƙi.

Ki sa masa bargo biyu da hular sanyi da safa, don a Disamba da Janairu daren tsaunuka kan kai ruwa ya kusa daskarewa. Ki gargaɗe shi kada su shiga da gawayi mai wuta cikin tanti ko mota su rufe, hayaƙinsa marar wari na kashe mutum cikin barci. Da safe kuma ya zazzage takalmi kafin ya sa ƙafa, saboda kunama.