Amsa ga mai tambaya kan 'yan Man U

Malam, ka tambaya me ya sa 'yan Man U suka daina zuwa gidan kallo, to wallahi gajiya muka yi. Tun da kocinmu Baba Ferguson ya tafi a 2013 ba mu sake daga kofin Firimiya ba, koci ya zo koci ya tafi, kudi kuma ana ta zubawa kamar ruwa a rariya. A 2025 na 15 muka kare, Liverpool ta kamo mu a kofin lig na Ingila guda 20, Tottenham ma ta doke mu a fainal din Europa. Ni daga kauyenmu nake hawa mashin har Gumel, in sayi fetur in biya kudin shiga, sannan in dawo cikin dare yaran Arsenal suna min tsiya. Haba dan'uwa, da wanne zan ji?