Alƙali ya ƙi karɓar takardar cinikin gidanka, ka tafi afil yanzu ko ka jira?

Wani bawan Allah daga Pantami a nan Gombe ya turo min tambaya, ya ce shari'ar gida suke yi a Babbar Kotun jiha da magadan wanda ya sayar masa, ranar da ya ba da shaida lauyansa ya miƙa takardar ciniki sai ɗaya ɓangaren suka yi suka, alƙali ya ƙi karɓa ya ɗaga zama zuwa wata mai zuwa. Shi a ganinsa an riga an kayar da shi, so yake a ɗaukaka ƙara gobe-goben nan.

To Malam sannu da haƙuri, amma ba a kayar da kai ba tukuna. Abin da alƙali ya yanke ranar nan ƙwarya-ƙwaryar hukunci ne, ba na ƙarshe ba, kuma ba zafin da ka ji ake dubawa ba, tambaya ɗaya ake yi: bayan wannan umarnin akwai sauran abin da kotun za ta yanke tsakaninku kan gidan? In akwai, to da saura. Ma'aunin da Kotun Ƙoli ta bi ke nan a shari'ar Akinsanya da bankin UBA a 1986, ana duba abin da umarnin ya haifar ne. Kai ga shi har an ba ku ranar dawowa, babu wanda aka ce gidan nasa ne. Da a ce alƙali cewa ya yi ba shi da hurumin sauraron ƙarar ya kore ta, to wannan na ƙarshe ne ko da ko shaida ɗaya ba a ji ba, don ya gama da ku a gabansa.

Abin da ya sa muke damuwa da bambancin shi ne lokaci da izini. Hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu kana da wata 3 kuma ba ka neman izinin kowa, sashe na 241 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka damar tafiya ba tare da izinin ba. Na tsakiyar shari'a kuwa kwana 14 ne kacal a ƙarƙashin sashe na 24 na dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara, sannan in ƙorafinka ba zallar doka ba ne, ya haɗa da yadda abu ya faru, sai ka nemi izini kamar yadda sashe na 242 ya ce, kuma cikin kwanakin nan 14 ake so a yi komai, wallahi nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, suna zaune suna lissafin wata 3 alhali nasu ya ƙare tun sati biyun farko. In Babbar Kotu ta hana izinin kana da ƙarin kwana 15 ka nema a Kotun Ɗaukaka Ƙara. In lokaci ya wuce ma ƙofa ba ta rufe ba, ana roƙon ƙarin lokaci, amma sai ka kawo dalili mai ƙarfi na jinkirin da kuma ƙorafi mai nauyi, “ban sani ba” ba ya cika fitar da mutum.

Yanzu zaɓinka biyu. Ko ka tafi yanzu, a shigar da takardar afil a rajistirin kotun da ta yi hukuncin, a haɗa rekod, wato bayanan shari'ar, a tura Kotun Ɗaukaka Ƙara, mu dai yanzu muna da reshenta a Gombe ba sai an ja jiki zuwa Jos kamar da ba. Sai dai afil shi kaɗai ba ya tsayar da shari'a, sai ka sake roƙon a dakatar kuma alƙalai ba su cika so ba, in ma an dakatar kai ne mai ƙara, gidanka ne zai zauna shekaru ana jayayya kan takarda ɗaya, ga kuɗin lauya ninki biyu.

Ko kuma ka jira, kuma ni shi nake ba ka shawara. Kuskuren karɓa ko ƙin karɓar hujja ana iya haɗa shi cikin afil na hukuncin ƙarshe, to ba ka yi asarar komai ba, wataƙila ma ka ci shari'ar ba tare da takardar ba. Kawai ka tabbata lauyanka ya ga an yi mata alamar an ƙi ta kuma tana cikin fayil ɗin kotu kar a miƙo maka ka tafi da ita gida, sannan ya nemi kwafin hukuncin mai hatimin kotu tun yanzu. Ka tambaye shi dalilin ƙin ma, in rashin yi wa takardar rajista ne, kotuna sun daɗe suna karɓar irin wannan takardar a matsayin shaidar biyan kuɗi, ka ga ƙorafinka na gaba yana da ƙafa.

Kafin ranar zaman ka nemo shaidun da aka yi cinikin a gabansu, dillali da mai unguwa in suna raye, da sitetmen ɗin banki in ta banki ka biya, ka kai wa lauyanka da wuri don in akwai wanda ba a sa sunansa a jerin shaidu ba ya roƙi kotu a ƙara shi kafin ku rufe ɓangarenku.